Zaɓen Tsire-tsire Masu Yaɗo da Masu Hawa Don Lambun Tsaye: Nazari Daga Kalmomin Hausa

1.0 Gabatarwa

Gidajen da ake ginawa a biranen ƙasar Hausa a yau sun sha bamban da na dā ta fuskar fili. Tsakar gidan da a dā kan ɗauki turken awaki da rumbu da ɗan fegin kuɓewa, yanzu sau da yawa ba ta wuce wurin shanya da girki ba, ita ma an malale ta da siminti. Wanda ke son ganin kore a irin wannan gida, ko yake son inuwar da za ta rage masa zafin ɗaki a lokacin bazara, ba shi da sauran wuri sai bango. Wannan ne ya sa batun lambun tsaye, watau shuka tsire-tsire ta yadda za su bi sama ko su zubo daga sama maimakon su bazu a ƙasa, ya zama abin da ya cancanci a tsaya a yi nazarinsa.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa zaɓen tsiron da za a shuka a jikin bango yana farawa ne daga sanin yadda tsiron ke hawa da kuma abin da zai hau. Kyan fure da daɗin 'ya'ya suna zuwa daga baya. Za a kuma nuna cewa harshen Hausa ya riga ya rarrabe hanyoyin hawan nan a cikin aikatau da sunayen tsire-tsire, ta yadda mai lura da kalmomin zai sami jagora tun kafin ya sayi iri. Kuskure a wannan zaɓe yana da tsada, domin yakan kai ga zubewar katanga, ko yoyon soro, ko kuma shigo da guba cikin gidan da ke da yara da dabbobi.

2.0 Ma'anar Lambun Tsaye da Ire-irensa

Lambun tsaye iri biyu ne. Na farko shi ne wanda saiwar tsiro ke cikin ƙasa ko cikin tukunya a gindin bango, jikinsa kuma ya bi wata madogara ya hau. Na biyu shi ne wanda saiwar ke jikin bangon kansa, a cikin aljihuna ko tukwanen da aka jera daga ƙasa har sama.

Iri na biyu sabon abu ne. A shekarar 1938 wani malamin Jami'ar Illinois ta ƙasar Amurka, Stanley Hart White, ya yi rajistar wata dabara ta gina bango da tubala masu ɗauke da tsire-tsire. Wanda ya yayata abin a duniya kuwa shi ne masanin tsirrai ɗan ƙasar Faransa, Patrick Blanc. Hanyarsa ita ce a kafa firam na ƙarfe a ɗan nesa da bango, a lulluɓe shi da faifan roba, a manna wani bargo wanda ba ya ruɓewa a kai, sannan a cusa tsire-tsire a cikin bargon ba tare da ƙasa ba, famfo yana ɗigo musu ruwa mai haɗe da taki daga sama. Aikinsa da ya fi shahara yana jikin gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a birnin Faris a 2006. A birnin Milan na ƙasar Italiya kuma an kammala wasu dogayen benaye biyu a 2014, waɗanda Stefano Boeri ya zana, an dasa ɗaruruwan itatuwa a barandunansu.

Irin lambun Blanc ya dogara kacokan a kan ruwan famfo da wutar lantarkin da ba sa yankewa. Tsiron da ke cikin bargo ba shi da ƙasar da za ta riƙe masa danshi, saboda haka idan famfo ya tsaya na 'yan kwanaki a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato kan kai digiri 40, ba abin da zai saura. Wannan ya sa iri na farko ya fi dacewa da yawancin gidajen ƙasar Hausa. Shi kuwa ba baƙo ba ne, domin duman da ke bin danga da soson da ke lulluɓe rumfa da kabewar da ke kwance a bisa jinka duk lambun tsaye ne, ko da yake ba a kira su da wannan suna ba. A kansa ne maƙalar za ta fi mai da hankali, sai kuma ɗan abin da ya shafi tukwanen da ake ratayawa.

3.0 Hanyoyin Hawa a Bakin Bahaushe da a Wurin Masana

A shekarar 1865 Charles Darwin ya fitar da wani dogon nazari a kan motsin tsire-tsire masu hawa, wanda ya sake fitowa a matsayin littafi a 1875. A ciki ya kasa su gwargwadon gaɓar da suke hawa da ita: masu murɗa jikinsu, da masu kamawa da ganye ko da wani zare na musamman, da masu maƙalewa da ƙaya, da masu mannewa da saiwa. Abin sha'awa shi ne, kusan kowane kaso yana da aikatau nasa a Hausa. Ana cewa tsiro ya naɗe, ko ya kama, ko ya sarƙe, ko ya manne. Wanda bai hau ba kuma a ce ya yi yaɗo. Haka nan wasu sunaye suna ɗauke da bayanin halin tsiro ko mazauninsa, alal misali yaɗiya da sarƙaƙiya da waken rumfa da doyar bisa da duman rafi. J. M. Dalziel ya tattara irin waɗannan sunaye a ƙamusunsa na tsirran Hausa na 1916, ƙamusun Bargery na 1934 shi ma ya ƙunshi da yawa daga cikinsu.

3.1 Masu Naɗewa

Waɗannan su ne masu murɗa ilahirin jikinsu a jikin madogara. Kan tsiron yakan yi ta juyawa a hankali a cikin iska har ya ci karo da wani abu, daga nan sai ya nannaɗe shi yana yin sama. Doya da waken rumfa da yaɗiya duk a nan suke. Kowane iri yana da hannun da yake bi, kuma ba ya sauyawa: farar doya tana naɗewa ta hannu ɗaya, doyar bisa tana bin kishiyarsa. Wanda ya kwance tsiro ya naɗa shi ta hannun da ba nasa ba zai tarar ya warware kansa. Abin da wannan kaso ke bukata shi ne madogara ta tsaye mai matsakaicin kauri, kamar kara ko sanda ko igiya. Ba ya iya hawa shafaffen bango, kuma wayar da aka ja a kwance ba ta yi masa amfani sosai.

3.2 Masu Kamawa da Zare

Duma da soso da kabewa da garafuni da kokwamba da inabi suna fitar da wani siririn zare daga gaɓoɓinsu, wanda a nan za a kira shi zaren kamu. Da zarar ya taɓa abu sai ya naɗe shi, sauran tsawonsa kuma ya murɗe kamar sifirin, ya jawo tsiron kusa da madogara. Wannan murɗewa ce ke sa iskar hadari ta girgiza duma ba tare da ta tsinke shi ba. Zaren kamu ba ya iya zagaye abu mai kauri, saboda haka azara ko dirka ba su ishe shi ba sai an haɗa da abin da bai fi kaurin yatsa ba, kamar igiyar rama ko waya ko ragar ƙarfe ko tsinken zana. Dafara, wadda magina ke sa wa a cikin laso saboda yauƙinta, ita ma 'yar wannan kaso ce, kuma dangin inabi ce.

3.3 Masu Sarƙewa

Waɗannan ba sa naɗewa, ba su kuma da zare. Sukan miƙa dogayen rassa su jingina a kan abin da ke kusa, ƙayarsu ta hana su zamewa. Sarƙaƙiya ita ce misalinsu a daji, kuma sunanta ya isa bayani. A cikin gari kuwa misalin da kowa ya sani shi ne bogenbiliya, furen nan mai ruwan hoda ko ja da ake gani a katangun makarantu da ma'aikatu. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, an kuma sa mata sunan wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Bougainville. Tana jure fari ƙwarai, har ma ta fi yin fure a lokacin rani. Sai dai dole a ɗaure rassanta a jikin madogara mai ƙarfi, a kuma riƙa yi mata aski, in ba haka ba sai ta tare hanya da ƙaya.

3.4 Masu Mannewa

Wannan kaso yana fitar da ƙananan saiwoyi a jikin reshe, su liƙe wa bango ko bawon itace. Suna iya hawa shafaffen bango ba tare da taimako ba. Yawancin waɗanda ake samu a wurin masu sayar da furanni baƙi ne, kamar ɗan ɓauren nan mai rarrafe da masana ke kira Ficus pumila, da kuma tsiron ɗaki mai faffaɗan ganye da ratsin rawaya, watau Epipremnum aureum. Sun fi son inuwa da danshi, kuma kamar yadda za a gani a gaba, su ne suka fi haɗari ga ginin ƙasa.

3.5 Masu Yaɗo

Dankali da kankana da guna da na'ana'a da wake irin na gargajiya kamar kanannado suna bin ƙasa ne. Wasunsu, irin su dankali, sukan kafa sabuwar saiwa a duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai danshi. A lambun tsaye ana juya wannan hali nasu ne: a sa su a tukunya ko buhu a bisa katanga ko a rataye, su zubo ƙasa. Dankali ya fi kowa sauƙi a nan, domin reshensa kawai ake yanka a dasa, ganyensa kuma ana cinsa. Game da wake akwai abin lura. Cibiyoyin bincike kamar ta Samaru a Zariya da reshen IITA na Kano sun fitar da ire-iren wake masu saurin nuna, da yawansu kuma tsayawa suke yi cak ba sa yaɗo. Wanda ya sayi irin wannan don ya rufe bango zai sha jira a banza, don haka wajibi ne a tambayi mai iri halin wakensa.

4.0 Madogara

Masu iya magana kan ce, tun ran gini tun ran zane. Madogara ita ce ke yanke hukuncin tsiron da za a shuka, kuma a gidajen ƙasar Hausa iri huɗu aka fi samu.

Danga ko darni ko zana sun dace da masu naɗewa da masu zaren kamu, saboda karan tsaye da tankar da ke kwance sun ba su duk abin da suke nema. Rauninsu shi ne rashin ƙarfi da ƙarancin kwana, domin gara da ruwan sama sukan ci gindin kara. Don haka tsire-tsiren damina marasa nauyi kamar garafuni da soso da wake su ne abokan danga. Dora mata bogenbiliya ko inabi, waɗanda za su shekara da shekaru suna ƙara nauyi, daidai yake da kayar da ita.

Katangar ƙasa tana da ƙarfin ɗaukar nauyi, amma abokin gabanta shi ne danshi. Tsiro mai mannewa yakan cusa saiwarsa cikin yaɓe, ya riƙe laima a jikin bango, ranar da aka zo ɓamɓare shi kuma ya taho da yaɓen da makubar. Ya kuma hana a ga tsaga tun tana ƙarama, alhali kuwa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ya kamata shi ne a kafa dirkoki a ja igiya ko waya kimanin kamu ɗaya daga katangar, yadda iska za ta ratsa kuma mai yaɓe zai sami wurin sa hannu kafin damina. Ramin shukar ma a nisanta shi da gindin katanga, don kada ban-ruwa na kullum ya jiƙa tushen gini.

Bangon bulo da siminti ba ya tsoron saiwa kamar na ƙasa, muddin ba shi da tsaga, amma shafaffe ne, kuma yana ɗaukar zafin rana ya riƙe har dare. Ganyen da ya manne masa a bazara yakan ƙone. A nan ma raga ko waya da aka kafa da ɗan rata, ko da taƙi ɗaya ne, ta fi amfani, domin inuwar ganye za ta faɗa a kan bangon, iskar da ke tsakani kuma ta kwashe zafin. Idan tukwane za a rataya, sai a yi lissafin nauyi. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, jiƙaƙƙiyar ƙasa kuma ta fi ruwa nauyi, ta yadda bokiti mai cin lita 20 da aka cika da ƙasa aka yi masa ban-ruwa yakan kai kilo 30. Ƙusa ɗaya a jikin bulo mai rami ba za ta riƙe wannan ba.

Rumfa da jinka su ne mazaunin masu manyan 'ya'ya. Ƙwarya babba ko masaki ko kabewa ba sa iya reto a jikin danga, sai sun sami inda za su kwanta. Siffar duma daga irinsa take, amma yadda ya girma yana da tasiri: dogon duma irin na zunguru ko shantu ko ludayi, idan ya rataya daga rumfa nauyinsa yakan miƙar da shi, idan kuwa a ƙasa ya girma sau da yawa yakan lanƙwashe. Rufin kwano bai dace da kowane tsiro ba saboda zafi. A kan soro kuwa, busasshen ganye yakan toshe indararo, ruwa ya kwanta a bisa rufi har ya yi yoyo ko ya rufta, saboda haka kada a bar yaɗo ya kai bakin indararo.

5.0 Fuskar Bango

Littattafan lambu da aka rubuta a Turai sukan ce bangon kudu shi ne mai rana, na arewa kuma mai inuwa a duk shekara. Wannan gaskiya ne a can, amma a ƙasar Hausa sai an yi masa gyara. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka daga ƙarshe-ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshe-ƙarshen Agusta rana takan karkata arewa da tsakar ka a lokacin azahar, sauran watanni kuma ta koma kudu. Ma'ana, a mafi yawan damina bangon arewa ne ke samun rana, a lokacin ɗari kuma bangon kudu ne ke shan ta. Wanda zai shuka soso ko wake a farkon damina ba shi da dalilin ƙin bangon arewa, amma mai son kokwamba a watan Disamba sai ya nemi na kudu.

Bangon gabas yana samun ranar safe mai sauƙi, kuma wannan ya dace da yawancin kayan miya. Matsalarsa ita ce hadari, domin a ƙasar Hausa iska da ruwan hadari daga gabas suke tasowa, shi ya sa magina ke ƙara wa wannan fuska kulawa. Madogarar da ke gabas dole ta kafu sosai, tun da ganye mai yawa yana tare iska kamar tabarmar da aka shanya. Iskar hunturu ma daga arewa maso gabas take busowa, tana busar da ganye mai laushi.

Bangon yamma shi ne ya fi kowanne zafi, saboda ranar la'asar tana dukan sa a lokacin da iska ta riga ta ɗumama, kuma shi ne ke sa ɗaki ya ƙi kwantuwa da dare. A nan ne inuwa ta fi amfani, a nan ne kuma tsiro ya fi wahala. Abin lura shi ne, lokacin da aka fi bukatar inuwar, watau Maris zuwa Mayu, duma da soso da wake na damina sun riga sun bushe. Wanda inuwar bazara ce bukatarsa sai ya zaɓi tsiro mai daɗewa kuma mai jure fari. Bogenbiliya tana iya wannan aiki. Haka ma yaɗiya, wadda dangin tumfafiya ce, tana zama kore a cikin rani lokacin da sauran ciyayi suka mutu, ana kuma yin kwaɗo da ganyenta. Inabi yana yi a inda akwai rijiya ko famfo, sai dai yana neman rumfa mai ƙarfi da wanda ya san lokacin yi masa aski.

Dangane da ruwa, tsiron da ke ƙasa ya fi na tukunya haƙuri, na tukunyar ƙasa kuma saiwarsa ta fi ta bokitin roba samun sanyi, ko da yake tukunyar ta fi saurin bushewa. Kowace tukunya a huda gindinta, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta saboda sauro. Ruwan wanke hatsi ko kayan miya yana da kyau ga shuka, amma ruwan wanki mai sabulun gari yakan tara gishiri a cikin ƙasa ya kashe saiwa.

6.0 Fure, 'Ya'ya da Guba

Duma da soso da kabewa suna fitar da fure iri biyu a jikin tsiro ɗaya, namiji da tamace. Ana gane tamacen da ɗan ƙullutun da ke gindinta, wanda shi ne zai zama ɗa. Furen soso da na kabewa rawaya ne, da safe suke buɗewa, ƙudan zuma ne ke ɗaukar garin namiji ya kai wa tamace. Furen duma kuwa fari ne, da yamma yake buɗewa, ƙwarin dare ne ke yi masa wannan aiki. A barandar bene ko tsakar gidan da aka rufe da ragar sauro ƙwarin ba sa isa, sai a ga fure yana ta zubewa babu ɗa. Maganin abin shi ne a tsinko furen namiji, a cire fatun gefensa, a goga tsakiyarsa a cikin tamacen a lokacin da take buɗe.

Akwai kuma tsire-tsiren da kyansu ko saurin yaɗonsu kan ruɗi mai lambu. Idon zakara tsiro ne mai naɗewa, 'ya'yansa ja ne masu ɗigon baƙi, suna jan hankalin yara ƙwarai, alhali suna ɗauke da guba mai ƙarfi da ke iya kisa idan aka tauna su. Ba shi da wuri a gidan da yara ke wasa. Duman rafi, wanda wasu ke kira duman kada, yana yaɗo da sauri kuma furensa yana da kyau, amma ganyensa yana sa awaki da tumaki da shanu rawar jiki da tangaɗi idan sun ci da yawa. Sunan duma da ke jikinsa kada ya ruɗi kowa, domin shi dangin dankali ne. Tsiron ɗakin nan mai ratsin rawaya da aka ambata a baya shi ma yana ƙona baki da maƙogwaro idan aka tauna ganyensa, saboda haka a rataye shi inda hannun yaro ba ya kaiwa. Shi kansa duman ƙwarya, ɗacin da ke cikin ɗanyensa alamar guba ce, wanda ya sa ake jiƙa sabuwar ƙwarya a wanke ta sosai kafin a zuba abinci a ciki.

Daɗin daɗawa, yaɗon da ya yi duhu a gindin bango maɓoya ce ga maciji da kunama da ɓera. Ya kamata a riƙa tsinke ganyen ƙasa har zuwa tsawon gwiwa, a kuma kwashe busasshen yaɗo da zarar kaka ta wuce, domin a lokacin hunturu tartsatsi ɗaya daga murhu ya isa ya tayar da gobara a busasshiyar danga. Juya kan tsiro zuwa inda ake so kuma tun yana ƙarami ake yi, kamar yadda aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwasa shi.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsara tambayoyin da mai lambun tsaye zai yi wa kansa bi da bi. Da farko, mene ne tsiron zai hau, kuma nauyin me abin zai iya ɗauka? Na biyu, wace fuska bangon ke kallo, kuma a wane lokaci na shekara ake bukatar ganyen? Na uku, ruwa nawa gidan zai iya bayarwa a cikin rani? Na huɗu, su wa ke zaune a gidan, yara ne ko dabbobi? Bayan an amsa waɗannan ne za a zo ga sunan tsiro. Danga ta samu garafuni ko soso ko wake mai yaɗo. Katangar ƙasa ta samu mai naɗewa ko mai zaren kamu a kan madogara ta dabam, a nisanta ta da mai mannewa. Bangon yamma ya samu yaɗiya ko bogenbiliya, rumfa ta samu duma ko kabewa ko inabi, tukunyar da aka rataya kuma ta samu dankali ko na'ana'a.

Akwai kuma aikin da ya rage wa ɗaliban Hausa. Masu sayar da furanni a birane da sunayen Turanci suke ciniki, yaran da suka tashi a gidajen siminti kuma da yawansu ba su taɓa ganin garafuni ko dafara a tsaye ba. Sunayen da Dalziel da Bargery suka rubuta sun kusa ko sun wuce shekara ɗari, kuma kowace karin harshe, daga Sakkwatanci zuwa Damagaranci da Gudduranci, tana da nata kalmomin na sassan tsiro da na kayan danga da rumfa. Tattara su daga bakin manoma da magina da matan da ke shuka duma a bayan ɗaki, tare da rubuta abin da kowace kalma ke nufi a aikace, aiki ne da ɗalibi zai iya ɗauka a garinsu a cikin hutun damina guda.